Karayar da Ta Ƙi Ɗoruwa: Abin da Hannun Inna Ya Koya Mana



A taronmu na ƙarshen wata an umarce mu, mu da ke riƙe da littafin ƙungiya, mu fito da bayani a kan kuɗin taimakon da aka tara wa ɗaya daga cikin iyayenmu mata a nan Iku. Da muka buɗe littafin domin haɗa lissafi, sai muka tarar da abin da ya fi kuɗin nauyi. Sau huɗu aka yi mata karo-karo a cikin wata goma sha ɗaya, kuma kowane karo abu ɗaya muka rubuta da hannunmu: taimako saboda karayar hannu. Karaya ɗaya ce, a damtse ɗaya. Sau huɗu muka sa hannu a aljihu, amma ko sau ɗaya babu wanda ya ɗaga yatsa a taro ya ce, jama'a, wai me ya hana ƙashin nan ɗoruwa?

Mun nemi izininta da na 'ya'yanta kafin mu yi wannan rubutu. Ta amince, bisa sharaɗin kada mu ambaci sunanta. Za mu kira ta Inna, kamar yadda yawancinmu muke kiranta dama.

Inna ta haura shekara sittin da biyar. Waina take toyawa a ƙofar gida tun muna 'yan makaranta, kuma da kuɗin tandar nan ta aurar da 'ya'ya mata uku. Wata safiya cikin damina ta fito daga makewayi da buta a hannu, santsin gansakuka ya kwashe ta, ta faɗi a kan kafaɗarta ta dama. Ba daga bene ta faɗo ba, ba mashin ne ya buge ta ba. Daga tsaye ta kai ƙasa, irin faɗuwar da jikokinta suke yi sau goma a rana su tashi su kakkaɓe riga. Ita kuwa ƙashin damtsenta ya rabu biyu.

Kamar yadda kuka sani, da asuba rabin Suleja yake tashi ya nufi Abuja neman abinci, ba a dawowa sai bayan isha'i. 'Ya'yanta maza suna cikin wannan ayari. Maƙwabta ne suka ɗauke ta a Keke Napep zuwa wajen mai ɗori. Ya ja hannun, ya daidaita, ya jera karare ya ɗaure, ya ce a dawo bayan kwana arba'in. Wannan ne karo-karo na farko.

Kwana arba'in suka cika, aka kwance. Kumburi ya saɓe, zafi ya ragu, amma in ta yunƙura za ta ɗaga hannun sai ya lanƙwashe a tsakiyar damtse, wurin da Allah bai yi gaɓa ba. Aka ce ɗorin ne bai kama ba, ko kuma ta motsa shi cikin barci. Wasu suka ce hannun mai ɗorin ne bai dace da jininta ba. Aka kai ta wajen wani a wani ƙauye, aka sake ja, aka sake ɗaurewa. Karo-karo na biyu.

Dole mu yi wa wannan dattijo na biyu adalci. Da aka koma masa bayan wata biyu, ya taɓa hannun ya daɗe bai ce komai ba, sannan ya dubi babban ɗanta ya ce: "Yaro, ka kai mahaifiyarka asibiti. Na gaji wannan sana'a daga ubana, na san ƙashin da yake son kamawa. Wannan ba ya so, kuma ban san dalili ba." Allah ya saka masa da alheri, domin ba kowa ne zai ga kuɗi ya faɗi haka ba.

Aka kai ta wani ƙaramin asibiti. Aka ɗauki hoton ƙashi, aka naɗe hannun da filasta, aka ba ta maganin rage zafi. Ba a ɗebi jininta ba, ba a tambaye ta irin magungunan da take sha a gida ba. Karo-karo na uku. Da aka cire filastar, hannun yana nan yadda yake, sai dai ya ƙara ramewa, kafaɗa da gwiwar hannu kuma sun sandare.

Muna so ku tsaya ku dubi abin da waɗannan watanni suka ci mata. Tanda ta koma bayan ɗaki, masu sayen waina suka koma wani layi. Matar da ta yi shekara arba'in tana ciyar da gida ta koma sai an ɗaura mata zani, sai an kama mata buta wajen alwala, sai an tsefe mata kai. Da hagu take cin abinci, tana ci tana jin kunya. An haifa mata jika a lokacin, ba ta iya ɗaukarsa ba. Mun je gaishe ta wata Juma'a, muka same ta a ƙuryar ɗaki ta juya fuska bango. Ta ce mana: "'Ya'yan nan, ku daina wahalar da aljihunku a kaina. Tsufa ne, ba shi da magani." Mu ma, gaskiya, abin da ke ranmu ke nan. Muka yi mata addu'a muka fito.

Karo-karo na huɗu shi ne mafi girma, domin an ce sai an yi tiyata an sa ƙarfe. Aka tura ta wani babban asibiti a Abuja, shugaba ya wakilta mu biyu muka raka ta da kuɗin a hannu. Mun shiga da niyyar a ba mu rana, mu biya, a yi aiki.

Likitan ƙashin ya duba hoton bai fi minti ɗaya ba, ya ajiye. Inna ya tsaya kallo. Ya ce: "Mama, yaya kika faɗi?" Ta faɗa masa. "Kin taɓa karyewa kafin wannan?" Ta ce shekara uku da suka wuce tsintsiyar hannunta ta hagu ta tsage, a tsakar gida. "Kina yawan tashi fitsari da dare? Kina yawan jin ƙishirwa?" Ta ce ƙwarai. "Akwai maganin da kike sha kullum?" Ta ce babu, sai dai ɗan haɗin ciwon gwiwa da take aika yara su sayo mata a kemis. Ta kwance bakin zaninta ta fito da ƙullin leda. Ya zazzage a tafin hannunsa, ya ware wata 'yar ƙaramar ƙwaya, ya tambaye ta tun yaushe. Ta yi lissafi da auren autarta. Shekara shida.

Ya juyo gare mu ya ce ba zai taɓa hannun nan da wuƙa ba sai ya ga jininta. Ba mu ji daɗi ba. Mun ɗauka irin jan rai ne da ƙarin kashe kuɗi. Ɗayanmu har ya ce, likita, hannu ne ya karye, me ya haɗa shi da jini? Ya yi dariya, ya ce mu dawo da sakamako zai ba mu amsa.

Da sakamakon ya fito, an sami abu uku. Sugan jininta ya yi sama sosai, kuma gwajin ya nuna ya daɗe a haka ba ta sani ba. Bitamin D ɗinta ya yi ƙasa. Ƙwayar nan kuma da ke cikin haɗin gwiwa deksametason ce, wato ɗaya daga cikin magungunan da ake kira sitiroyid. Tun daga ranar muka shiga tambaya da karatu, kuma ga abin da muka fahimta, a yadda ɗan difloma zai iya faɗa wa 'yan uwansa.

Ƙashi abu ne mai rai. Muna ganinsa kamar busasshen itace ne saboda a miya muka saba ganinsa. A jikin mai rai yana da jijiyoyin jini, kuma kullum ana rushe tsohonsa ana gina sabo, har masana suna cewa cikin kimanin shekara goma jiki yake sabunta ƙasusuwansa kakaf. Kashi 99 cikin 100 na sinadarin kalsiyam da ke jikin mutum a ƙashi da haƙora yake ajiye. Idan aka karye, jini yana taruwa ya daskare a wurin. Cikin mako biyu zuwa uku wani abu mai laushi kamar guringuntsi yake haɗa bakin biyu. Daga nan jiki ya riƙa zuba masa kalsiyam har ya taurare. Yawancin karayar damtse a haka take warkewa cikin wata biyu zuwa uku, ko ba a yi tiyata ba, matuƙar an riƙe hannun yadda ya kamata.

Wannan aiki duka akwai masu ba da umarninsa, su ne sinadaran da likitoci ke kira homon. 'Yan aike ne da wasu sassan jiki ke sakawa cikin jini, su je su ce wa ƙashi gina, ko rushe, ko dakata. In saƙon ya rikice, komai kyan ɗori aikin ba zai tafi ba.

Mu mutanen Suleja ba sai an yi mana dogon bayani a nan ba. A garin nan Ladi Kwali ta yi suna, tun da ta shiga cibiyar koyon ginin tukwane da Michael Cardew ya buɗe, a shekarar 1954, har hotonta ya hau takardar naira ashirin. To ko ita aka ba yumɓun da ya cika yashi, tukunyar ba za ta tsaya ba. Mai ɗori magini ne, likitan tiyata ma magini ne. Jikin majiyyaci shi ne yumɓun. Mu mun yi wata goma sha ɗaya muna canza magini, ba wanda ya duba yumɓu. An bar jaki ana dukan taiki.

Ga manyan hanyoyin da saƙon yake rikicewa a jikin dattawa.

Ciwon suga shi ne na farko, domin shi ya fi yawa a gidajenmu. Asalinsa matsalar homon ɗin insulin ce. Suga in ya daɗe a sama yana lalata ƙananan jijiyoyin da ke kai jini wurin karaya, yana rage ƙarfin ƙwayoyin da ke gina ƙashi, yana kuma buɗe ƙofa ga ƙwayoyin cuta idan an yi tiyata. Mutum yana iya yin shekaru da shi bai sani ba, kamar Inna.

Na biyu, ɗaukewar al'ada ga mata, wadda galibi take zuwa tsakanin shekara 45 da 55. Homon ɗin istirojin yana kare ƙashin mace, to in ya ja baya sai rushewa ta fi gini sauri, musamman a shekarun farko. Cikin ƙashin ya koma kamar soso. Wannan ita ce zaizayar ƙashi. Ba ta ciwo, ba ta zazzaɓi, sai ranar da aka faɗi. Gidauniyar da ke yaƙi da wannan cuta a duniya ta ƙiyasta cewa mace ɗaya cikin uku da namiji ɗaya cikin biyar, daga waɗanda suka haura shekara 50, za su gamu da karaya saboda ita. Maza ma ba su tsira ba, domin nasu homon ɗin na mazantaka yana raguwa da tsufa.

Na uku yana wuya. Akwai wani ƙululu a gaban maƙogwaro mai suna tayirod, shi ne yake kumbura ya zama maƙoƙo. In ya yi aiki fiye da kima yana cinye ƙashi, alamunsa kuwa rama duk da cin abinci, bugun zuciya, rawar hannu da yawan gumi. In ya yi sanyi kuma yana jinkirta warkewa. A bayansa akwai wasu 'yan ƙanana guda huɗu, kowanne bai fi ƙwayar shinkafa ba, sunansu faratayirod. Aikinsu tsare kalsiyam a cikin jini. In suka ga ya yi ƙasa, ko ɗayansu ya kumbura ya ƙi jin magana, sai su riƙa kwaso shi daga ƙashi.

Na huɗu bitamin D. Sunansa bitamin, amma hanta da ƙoda suna juya shi ya zama homon, kuma shi ne yake ba hanji damar tsotse kalsiyam daga abinci. Fata ce take yin sa in rana ta taɓa ta. Za ku ce ina Suleja ina ƙarancin rana? Mu ma haka muka ce. Amma fatar tsoho ba ta yin sa kamar ta yaro, baƙar fata tana buƙatar rana fiye da fara, sannan ku tuna Inna tun asuba take toya waina a cikin rumfa, da hantsi ta shige ɗaki. Bayan karayar kuwa ta yi watanni ko tsakar gida ba ta zama.

Na biyar shi ne wanda ya fi ba mu tsoro, domin da kuɗinmu muke sayen sa. Jiki yana da nasa homon ɗin mai suna kotisol. Deksametason da firedinisolon kwaikwayonsa ne, masu ƙarfin gaske. A hannun likita magunguna ne masu ceton rai, ga mai asma da wasu cututtuka. Amma suna kashe ciwon gaɓoɓi nan take, suna buɗe ciki, suna sa kumatu su cika, shi ya sa ake cusa su cikin haɗin ciwon jiki da kuma ƙwayoyin ƙiba da ake kira sha ka fashe. Wasu mayukan bilicin ma suna ɗauke da danginsu. In aka daɗe ana sha suna hana gina ƙashi, suna tayar da suga da hawan jini, suna sa fata ta yi siriri.

A nan ne kunya ta kama mu. Shekarun nan mun ga fuskar Inna ta yi zagaye, ta ciko, ƙafafunta kuwa suna sirancewa. Mun sha ce mata, Inna kin yi kyau, hutu ya karɓe ki. Mun ga ta rage tsawo, bayanta ya ɗan rusuna, muka ce girma ne. Mun je dubiya lokacin da tsintsiyar hannunta ta tsage, muka ce tsautsayi. Ashe duk ƙashinta ne yake kiran a zo a taimake shi. Ruwa ba ya tsami banza.

Wannan ba ra'ayin likita ɗaya ba ne. A shekarar 2007 wani likitan ƙashi a birnin Houston na Amurka, Mark Brinker, da abokan aikinsa sun wallafa bincike a kan mutum 37 waɗanda karayarsu ta ƙi haɗuwa ba tare da wani dalili bayyananne ba. Da aka tura su wajen likitocin homon, an sami matsala a jinin 31 daga cikinsu, kuma wadda ta fi yawa ita ce ƙarancin bitamin D. Mutum 8 ƙashinsu ya haɗe da magani kawai, ba a sake yi musu tiyata ba. In haka ta faru a ƙasar da ake gwajin jini kamar shan ruwa, ina ga iyayenmu da wasunsu ba a taɓa auna sugansu ba?

Mu koma ga Inna. An ɗage tiyata kusan wata uku. Aka haɗa ta da likitan da ke kula da suga da homon. Aka sa ta a kan maganin suga da tsarin abinci, aka ba ta bitamin D da kalsiyam. Ƙwayar gwiwar kuwa ba a ce ta jefar da ita rana ɗaya ba, a hankali aka riƙa rage mata har ta rabu da ita. Ku riƙe wannan da kyau, don Allah: wanda ya daɗe yana shan sitiroyid, jikinsa ya daina yin nasa kotisol ɗin, in ya tsaya kwatsam yana iya faɗuwa, har a rasa rai. Kada wani ya karanta wannan rubutu ya je ya ƙwace maganin mahaifiyarsa. Ya ɗauke ta da ledar maganin ya kai wa likita.

Watannin nan uku sun yi mana tsawo. Kuɗi yana ajiye, wasu 'yan ƙungiya suna tambaya ko an cinye ne, har maganar ta kai taro. Gwiwoyin Inna suka dawo da ciwo, ta yi fushi da mu, ta ce mun raba ta da abin da yake sa ta barci. Jikarta ce ta riƙa fito da ita tsakar gida da hantsi, tana dama mata fura da nono ba sukari, tana ƙirga mata ƙwayoyi.

Da sugan ya sauko aka yi aikin. Hannunta ya wuce inda magani kaɗai zai haɗa shi, domin bakin ƙashin biyu sun daɗe suna gogar juna har sun yi sumul, sun zama kamar gaɓar ƙarya. Aka buɗe aka kankare su har jini ya fito, aka ɗebo ɗan ƙashi daga ƙugunta aka cike giɓin, aka ɗaure da farantin ƙarfe da kusoshi. Bayan wata huɗu hoto ya nuna ƙashin ya haɗe. Daga nan aka shiga zuwa gashin ƙashi.

Ba za mu yi muku ƙarya mu ce ta koma yadda take ba. Hannun ba ya wuce kafaɗa in ta ɗaga, kuma likita ya ce watannin da ya yi a ɗaure ne suka jawo haka. Ba ta iya ɗaga tukunyar ƙullu. Amma tana ɗaura zaninta, tana cin tuwo da dama, ta ɗauki jikan nan a cinya. Tanda ta dawo ƙofar gida, jikarta tana zuba ƙullu, ita tana juyawa da tsinke tana karɓar kuɗi. Da tun a wata na biyu aka ɗebi jininta, wataƙila da kafaɗar ba ta sandare ba, kuma da kuɗin karo-karo biyu sun tafi wajen wani mabukaci. Wannan asarar da mu a cikinta, mu da muka iya ƙirga naira muka kasa ƙirga watanni.

Saboda haka ga abin da muke roƙon kowane gida ya riƙe.

1. Dattijo ko dattijuwa da ta karye daga faɗuwar tsaye, a tsakar gida ko makewayi, a ɗauka ƙashin ne ya yi rauni har sai gwaji ya nuna ba haka ba. Karaya ta farko gargaɗi ce ga ta biyu, kuma ta biyun tana iya zama ta ƙugu, wadda take kwantar da tsoho.

2. A ɗauki hoton ƙashi tun ranar farko, ko da gidan mai ɗori za a nufa daga baya. Ba mu zo raina sana'ar iyaye da kakanni ba. Amma hannu ba ya ganin abin da hoto yake gani, kuma babu mai ɗorin da yake auna suga.

3. A rubuta ranar karaya a bango ko a waya. In an yi mako shida wurin yana motsi, a tafi wajen likitan ƙashi, kada a sake ɗori. In an kai wata shida bai haɗe ba, da wuya ya haɗe da kansa.

4. A buɗe baki a roƙi gwajin jini: suga, musamman na wata uku da ake rubutawa HbA1c, da kalsiyam, da bitamin D, da tayirod, da aikin ƙoda. Likita ne zai ga ko akwai buƙatar ƙari. A je masa da duk abin da majiyyaci yake sha ko shafawa, har na gargajiya.

5. Akwai alamun da ba a kwana da su. In yatsu suka kumbura, suka yi sanyi ko baƙi, ko zafi yana ƙaruwa a ƙarƙashin ɗauri, a sassauta a ruga asibiti, domin ɗauri mai tsanani yana kashe hannu har a yanke. In tsintsiyar hannu ta saki, mutum ya kasa ɗaga ta, jijiyar da ta zagaye ƙashin damtse ce ta taɓu. Haka in akwai rauni a wurin yana fitar da ruwa ko mugunya.

6. Mai shan taba ya ajiye ta, domin tana cikin manyan abubuwan da ke hana ƙashi haɗuwa.

Wajen zuwa kuwa ba mu da uzuri. Ana iya farawa daga Babban Asibitin Suleja a nemi takardar turawa. Asibitin Koyarwa na Jami'ar Abuja da ke Gwagwalada yana nan ta hanyar Zuba, ga kuma Asibitin Ƙasa a cikin Abuja, duk suna da likitocin ƙashi. Masu dangi a Kano sun san Asibitin Ƙashi na Dala, wanda yake aiki tun 1959.

Abincin da ƙashi yake so ma ba sai an je kanti ba: nono da kindirmo, miyar kuka, zogale, riɗi, wake, ƙwai, da ƙananan kifi da ake ci har ƙaya. A bar tsofaffi su zauna a rana da hantsi, su taka ƙafa zuwa masallaci, kasuwa ko maƙwabta. A kankare gansakukar makewayi, a sa fitila a hanyar fita da dare, a kafa musu abin dafawa. Ƙashi yana gama cika ne wajen shekara talatin, don haka 'yan matanmu da ke shan ƙwayar ƙiba yau suna cin ajiyar da za su nema in sun kai shekarun Inna. Iyaye mata, wannan magana taku ce.

A ɓangaren ƙungiya, taro ya amince da abu biyu. Daga yanzu duk wanda aka kawo sunansa neman taimako karo na biyu a kan ciwo ɗaya, kafin a fitar da kuɗi za a wakilta mutum biyu su raka shi wajen likita, kuma kuɗin gwaji ne farkon abin da za a biya. Mun ƙara layi ɗaya a littafin, inda za a riƙa rubuta ranar da ciwo ya fara. Na biyu, ranar 20 ga Oktoba ita ce ranar wayar da kai a kan zaizayar ƙashi a duniya. Muna neman 'yan uwa ma'aikatan lafiya da ke cikinmu su ba mu safiya ɗaya a wannan mako, a auna suga da hawan jinin iyayenmu kyauta, a kuma duba ledojin maganin da ke ƙulle a bakin zannuwansu. Mai na'urar awo, mai kujeru, mai rumfa, kowa ya kawo abin da yake da shi. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Cikakken lissafin kuɗin Inna, shiga da fita, za a karanta shi a taro mai zuwa, kuma littafin a buɗe yake ga duk ɗan ƙungiyar da yake son dubawa. Ta ce mu gode wa kowa da kowa. Ta kuma ce a faɗa wa masu bin ta bashin gaisuwa cewa waina tana fitowa tun ƙarfe bakwai, kuma ba ta ba da bashi.

Yau in kun koma gida, ku zauna kusa da tsohuwarku ko tsohonku, ku tambaye su abin da suke sha.

Allah ya ba marasa lafiyarmu lafiya, ya jiƙan waɗanda suka riga mu, ya bar zumunci.

Sakataren ƙungiya,
Iku, Suleja.